Mai Sasanci Ya Ɓoye Alaƙarsa da Abokin Shari'ata, Ina Mafita?

Tambaya: Barista, kwangilar da na ƙulla da wani kamfani ta ce duk saɓani mai sasanci zai raba, ba kotu ba. An zauna, an ba ni rashin gaskiya. Daga baya na gano mai sasancin ya taɓa yi wa kamfanin aiki, bai kuma faɗa ba. Zan iya ɗaukaka ƙara?

Amsa: Malam, abin da ciwo, amma fara ɗauko kwangilar ka duba ƙasar da aka rubuta a matsayin mazaunin sasancin. Kotun can ce kaɗai ke da hurumin soke hukuncin, kuma agogonta ba ya jira. A Ingila, Dokar Sasanci ta 1996 kwana 28 ta bayar. Ƙasashen da suka ɗauki dokar samfuri ta 1985 ta UNCITRAL, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokokin kasuwanci tsakanin ƙasashe, yawanci wata uku ne daga ranar da hukuncin ya iso hannunka. Na sha ganin mai gaskiya ya rasa ƙara don kawai ya makara da mako guda.

Kada ka je kotu da cewa mai sasancin ya yi kuskure wajen auna shaidu. Kotunan ɗaukaka ƙara ba sa sake sauraron irin wannan. Ko a Amurka, Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Hall Street da Mattel a 2008 cewa ɓangarori ba za su faɗaɗa dalilan soke hukuncin sasanci da ke cikin dokar sasanci ta tarayya ba.

Ɓoye alaƙar nan ita ce makaminka, sai dai ba ta isa ita kaɗai. A shari'ar Halliburton da Chubb ta 2020, Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce bayyana irin wannan alaƙa wajibi ne, ta kuma amince mai sasancin ya gaza bayyanawa, duk da haka ba ta cire shi ba, domin mai adalci da ya san duk abin da ya faru ba zai ga alamar son kai ba. Saboda haka nemo takarda: yaushe ya yi musu aiki, nawa aka biya shi, aikin ya shafi rigimarku? Ka kuma tanadi shaidar ranar da ka gano, don lauyoyinsu za su ce ka sani tuntuni ka yi shiru.

In wa'adin ya wuce, akwai sauran ƙofa. Ranar da suka zo zartar da hukuncin a wata ƙasa, sashe na 5 na Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ta shafi zartar da hukuncin sasanci a ƙasashen waje, ya ba ka damar ƙalubalantarsa a can.