Tambayi Likita: Ƙafata na ɗaurewa in ina tafiya

Salam likita, ni tela ne a Aboabo nan Kumasi, ina da ciwon suga. In na taka zuwa masallaci sai sharaɓata ta ɗaure, in na tsaya ta saki. A asibiti sun rubuta min cilostazol amma har yanzu shiru, in daina ne?

Wa alaikumus salam Alhaji, kar ku daina tukuna. Jijiyoyin jinin ƙafar ne suka tsuke, maganin yana buɗe su kuma yana hana jini daskarewa, amma fa ba ya sauri, wani sai ya yi sati 12 kafin ya ji bambanci. Ku sha rabin awa kafin abinci ko awa 2 bayan ci, ciwon kai ko gudawa da farko ba abin mamaki bane. Abu ɗaya da ba wasa: mai raunin zuciya, wanda ƙafa ke kumbura numfashi na yankewa, bai kamata ya sha ba sam, in kuna da shi ku koma wurin likitan yau. Sigari kuwa in ana sha a bari, tafiya a ci gaba, in ƙafar ta ɗaure a huta a sake tashi. Gyambon da ya ƙi warkewa ko yatsa ya yi baƙi, ku wuce asibitin Komfo Anokye kai tsaye.