Filin Tambayoyin Masu Karatu: Koyon zura bututun numfashi a kan mutum-mutumi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗalibi ne a aji biyar na karatun likitanci. A sashen likitoci masu sa majinyata barci domin tiyata an nuna mana yadda ake zura bututun numfashi da na'urar faiba mai lanƙwasa, amma sai aka ce mu yi ta gwaji a kan mutum-mutumin roba da wani akwati mai ramuka, ba a bar ko ɗayanmu ya taɓa majinyaci ba. Abokaina suna cewa ɓata lokaci ne, tunda roba ba ta tari kuma ba ta zubar da jini. Shin wannan horo yana da amfani? Daga wani ɗalibi a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam. Abokanka sun faɗi gaskiya game da roba, amma hukuncin da suka yanke a kan horon bai yi daidai ba, kuma malamanku sun kyauta da suka tsayar da ku a kan akwatin.

A yawancin tiyata likita yana buɗe bakin majinyaci da ƙarfen leƙa maƙogwaro, ya hango ƙofar hanyar iska, ya tura bututu. Akwai kuma mutanen da wannan ba ya yiwuwa a kansu: wanda ƙashin wuyansa ya karye, wanda babban maƙoƙo ya danne masa hanyar iska, wanda ƙari ya cika masa baki, da wanda muƙamuƙinsa ya ƙage. Wannan na ƙarshen ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin da yawa daga cikin waɗanda suka tsira daga cutar noma mai cin naman baki da fuska, irin waɗanda ake yi wa gyaran fuska a Asibitin Noma na Sakkwato, bakinsu ba ya buɗuwa sai kaɗan ko ma sam. Ga irin waɗannan ake ɗauko na'urar faiba, wato siririyar igiya mai haske da ido a bakinta, a sanya bututun a jikinta, a bi da ita ta hanci ko ta baki har cikin maƙogwaro, sannan a zame bututun a kanta. Wani likita mai suna Peter Murphy ne ya fara bayyana wannan dabara a Ingila a 1967. Sau da yawa ana yin aikin ne majinyaci yana farke, an fesa masa maganin kashe zafi a hanci da maƙogwaro, yana numfashi da kansa, domin idan aka sa shi barci aka kasa samun hanya, oksijin ɗin jikinsa zai ƙare cikin 'yan mintuna, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta jure wannan.

Wahalar tana cikin hannu. Motsi uku ne kacal na'urar take da su: turawa gaba ko janyewa, murɗa ta dama ko hagu, da lanƙwasa bakinta sama ko ƙasa da babban yatsa. Sai dai haɗa ukun a lokaci guda, ido yana kan allon da ke nuna hoton ba a kan hannu ba, shi ne abin da ke rikita sabon shiga. Idan ya bar igiyar ta yi sako-sako, murɗawar da ya yi a sama ba za ta isa ƙasa ba. Idan ya yi gaggawar turawa, bakin na'urar zai manne da nama, allo ya koma ja gaba ɗaya, ya rasa inda yake. Ƙwararre ya san cewa maganin wannan shi ne a ja baya kaɗan har a ga wurin da aka gane, a ajiye abin da ake nufa a tsakiyar allo, sannan a ci gaba. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da yake buƙatar ɗan Adam kafin a koye shi, kuma a ganina zalunci ne a mai da hancin mutum mai tsoro, wanda numfashinsa ke cikin haɗari, wurin da ɗalibi zai fara gane bambancin dama da hagu.

An gwada wannan a aikace. A wani bincike da aka yi a Toronto ta Kanada, aka buga a mujallar Anesthesiology a 2001, an raba likitoci masu neman ƙwarewa gida biyu: wasu aka yi musu lacca, wasu aka ba su sauƙaƙan abin gwaji mai ramuka. Da aka shiga ɗakin tiyata, 'yan gwajin sun fi saurin zura bututun kuma sun fi samun nasara. Wani babban nazari da aka fitar a Birtaniya a 2011 kan matsalolin hanyar numfashi ya nuna cewa akwai majinyatan da suka cutu saboda ba a zura musu bututun suna farke ba alhali ya kamata a yi, wanda yake tunatar da mu cewa likitan da bai saba da na'ura ba yakan guje mata a ranar da ake buƙatarta.

Inda abokanka suke da hujja shi ne, mutum-mutumi ba shi da majina da ke rufe idon na'ura, harshensa ba ya faɗawa baya, kuma ba a lallashinsa. Saboda haka gwaninta a kan roba ba izini ba ne na yin aikin kai kaɗai. Wannan aiki na masu neman ƙwarewa ne, a gaban babban likita. Abin da ake so daga gare ka a aji biyar shi ne hannunka ya saba, idonka ya gane murfin maƙogwaro da tantanin murya da zobban hanyar iska har zuwa inda ta rabu biyu, kuma ka iya gane majinyacin da bai kamata a yi gaggawar sa shi barci ba.

TAMBAYA: Likita, ni malama ce a wata makarantar koyon aikin lafiya, kuma ba mu da kuɗin sayen na'urar gwaji mai kwamfuta. Ko akwai abin da za mu iya yi?

AMSA: Akwai, Malama. Wani binciken na Toronto da aka buga a 2008 ya kwatanta masu koyo a kan na'urar kwamfuta mai tsada da masu koyo a kan sauƙaƙan abin gwaji, bai sami wani bambanci mai ma'ana ba a aikinsu kan majinyata. Kafinta zai iya haɗa muku akwati mai alluna a jere, kowane da ramuka a wurare daban-daban, a rubuta lamba a bayan kowane rami domin ɗalibi ya nemo ta. Abin da ya fi akwatin muhimmanci shi ne malami ya tsaya yana gyara riƙon ɗalibi, kuma a riƙa maimaita gwajin lokaci zuwa lokaci maimakon a tara shi a yini ɗaya.

Ku nemi tsohuwar na'urar faiba da asibiti ya daina amfani da ita, a wanke ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a keɓe ta domin koyarwa kawai. Ku kuma hana ɗalibai lanƙwasa igiyar da ƙarfi ko janye ta alhali bakinta yana lanƙwashe, domin zaruruwan gilashin da ke ciki suna karyewa, kuma kowane zare da ya karye yakan bar baƙin ɗigon da ba ya gogewa a hoton.