Yaƙin karɓa-karɓa da babur ɗina da na sayar

Kai yaro, jiya da magariba ina fama da igiyar janareta ka jefo mini tambaya, wai a wasannin RPG, wato wasannin bidiyo da kake zama jarumin labari kana yaƙar dodanni, wane tsarin yaƙi na fi so, kuma wanne za ka sa a ɗan wasan da kake haɗawa, na karɓa-karɓa, inda kowa ke jiran layinsa, ko na kai-tsaye, inda ake gudu ana sara ba jira. Na yi maka banza, ka ɗauka ban ji ba. Na ji sarai. Tsohon miki ka fama mini, shi ya sa na bari sai da na kwana.

Karɓa-karɓa na fi so. Amma ba irin wanda kuke rainawa ba, na mare ni in mare ka har wani ya faɗi. Wancan tun 1986 wasan Dragon Quest ya yi shi a Famicom, na'urar wasa ta Nintendo, ya kuma ci kasuwarsa. Wanda nake nufi shi ne wanda damar bugu ita kanta take zama kuɗi a aljihunka: kana iya ribanya ta, kana iya asararta, kana iya ƙwace ta abokin gaba.

Kamfanin Atlus na Japan ne ya fi kowa gane wannan, a Shin Megami Tensei III da ya fitar a 2003. Mutanenka huɗu a fili, sai a ba ka alama huɗu a saman allo, kowane bugu ya ci ɗaya. In ka bugi dodo a inda yake da lago, rabin alama za a cire maka, ka ga huɗun nan suna iya zama bugu takwas. In ka kai hari ka kuskure, alama biyu ta tafi. In kuwa ka watsa wuta ga wanda wuta ce abincinsa, ya shanye ko ya maido maka, duk abin da ya rage ya ƙone, fili ya koma hannun dodanni. Abin da ya sa nake cire wa wasan nan hula shi ne dokar ba ta san sani ba, yadda take kanka haka take kan dodannin. Akwai wani bos, wato babban dodo, Matador, da aka ƙara a sabuwar fitowar wasan ta 2004, wanda yake ƙara wa kansa zilliya har ka yi ta dukan iska kana zubar da alamominka. Duk mai taƙama da danna bugu kawai a nan yake ajiye madanni ya tafi shan ruwa. Wanda ya taɓa tsugunawa gindin bishiya yana kallon dattawa na dara ba sai an yi masa dogon bayani ba: motsi ɗaya na ganganci, sai ka zauna kana kallo ana kwashe maka 'ya'ya.

Na biyunsa a wurina Final Fantasy X ne, na 2001 a PlayStation 2. Can an jera maka layin masu bugu a gefen allo, kana ganin wa ke gaba wa ke biye, kuma abin da ka zaɓa yana sauya layin. Ka sha magani, da wuri za ka dawo. Ka yi babban sara, ka koma baya. Kana iya ture dodo ƙasan layi, kana iya sauya mutum ana tsakiyar yaƙi, mai ƙwallo ya zo wa masu tashi sama, mai katon takobi ya zo wa masu sulke. Wancan tsarin nasu na sandar lokaci mai cika a hankali, wanda Hiroyuki Ito ya ƙirƙiro wa Final Fantasy IV a 1991 bayan ya lura da yadda motocin tseren Formula One ke wuce juna, ina ganin girmansa, amma ban taɓa sonsa ba. Ba ka samu natsuwar mai tunani ba, ba ka samu zafin mai faɗa ba, kana ta laluben jerin sihiri ana dukanka.

Sauran abubuwan, ƙarfin bugu a cire kariya, ruwa ya kashe wuta, wuta ta cinye ciyawa, ko ƙanenka mai buga Pokémon ya sani. In har wannan sai na koya maka, ka koma gida ka kama wata sana'ar.

Yanzu ga abin da ya hana ni amsa maka jiya.

Kafin ka zo shagon nan, wani abokina ya kawo mini wani mutum, mota mai baƙin gilashi, shadda tana ƙara, turare ya cika ɗakin. Wasan waya yake so na yaranmu, jarumi yana bin gari gari yana yaƙar aljanu da 'yan fashi. Na ce masa karɓa-karɓa za mu yi, don yawancin yaran da za su buga wayoyinsu ƙanana ne, ba sa ɗaukar nauyi. Ya ce ni ne gwani, abin da na gani shi ke nan. Muka yi jinga, ya ba da kafin alƙalami kashi ɗaya cikin huɗu, aka yi musabaha aka shafa fatiha. Takarda? Na ji kunyar tambaya. Mutum da furfura a gemu, ga abokina a tsakani.

Mu uku muka yi aikin, ni da mai zane da wani yaro mai haɗa sauti. Tun kafin in taɓa kwamfuta na yi mako uku ina buga yaƙin a kan tabarma da marafen kwalbar lemo, mai zane yana riƙe da ɓangaren aljanu, muna rubuta jinin kowa a bayan kwalin sigari. Sai da wasan ya yi daɗi a tabarma har muna musu muna ɗaga murya, sannan na fara rubuta shi. Muka je wurin wani makaɗi muka ɗauko sautin kalangu, bugu biyu masu kaifi, muka sa shi yana tashi duk lokacin da ka sami lagon dodo. Wata biyar, dodanni arba'in, kowanne da motsinsa huɗu: tsayuwa, kai bugu, shan bugu, faɗuwa. Ban taɓa yin aikin da na so kamarsa ba.

Ranar nunawa sai ya zo da ɗansa, yaro bai wuce sha huɗu ba. Ya karɓi wayar, ko minti biyu bai yi ba ya tura baki ya ce, "Daddy, wannan ai ba faɗa ake ba, jira ake." Shi ke nan. Uban ya dube ni ya ce a mayar da shi irin wanda ake gudu ana sara. Har da cewa ai ɗan gyara ne.

Ɗan gyara! A karɓa-karɓa takobi ba ya taɓa kowa, lissafi ne ake yi a ɓoye, zane kuma ya nuna maka sakamako. A kai-tsaye dole kowane takobi da kowane jiki ya sami akwatin da ba a gani, na'ura tana duba ko sun haɗu a kowane hoto, sau talatin a daƙiƙa in ka yi sa'a. Dodon da a da yake tsaye yana jiran layinsa, yanzu sai ya san hanya, ya zagaye dutse, ya san lokacin kawo hari da lokacin ja da baya. Motsi huɗu ya zama goma sha wani abu, ka ninka da arba'in. Ga kyamara. Ga allon waya da babban yatsa ke rufe rabin fili. Kamar ka gina wa mutum gida ne har rufi, ya ce a ɗan matsar da shi bakin titi.

Abin da ya kamata in faɗa kalma uku ce: sabon aiki, sabuwar jinga. To, ba uku ba ce, kalma huɗu ce, ka ji yadda har yanzu raina ke ɓaci. Ban faɗa ba. Ina hango cikon kuɗina, kuma girman kai ya hana a ce akwai abin da ya gagare ni. Mai zane ya yi wata biyu ba biya ya tafi, ban ga laifinsa ba, yana da iyali. Na sayar da babur ɗina na ɗauko wani, sauran kuɗin fetur ya cinye. Bayan wata huɗu abin ya tashi, a kwamfutata yana gudu sumul. Muka sa a ƙaramar waya irin ta yaran unguwa, da dodanni sun kai biyar a fili sai ya kama tsinkewa, wayar ta yi zafi kamar dutsen guga. Ka danna kaucewa a kan lokaci, sai an sare ka sannan jarumin ya motsa. Wasan da ke hukunta mutum a kan laifin wayarsa ba wasa ba ne, zalunci ne.

Sai mutumin ya kira, murya da daɗi, wai zai tafi Abuja nuna wa masu zuba jari, in zuba masa komai a filash, sabon da tsohon, har da ainihin rubutun aikin, don su ga irin wahalar da aka sha. Da hannuna na zuba. Da hannuna na miƙa masa ta tagar mota. Tun daga ranar wayarsa ta daina shiga.

An fi rabin shekara, wata rana ina zaune nan inda kake zama, wani yaro ya kawo gyaran caji yana latsa waya kafin a zo kansa. Sai na ji kalangu, bugu biyu. Tsigar jikina ta tashi. Na ce miƙo. Wasana ne. An sauya suna, an mayar da hular jarumin ja, amma nawa ne. Kuma ka san wanne? Tsohon. Na karɓa-karɓan da ɗansa ya ce jira ake. Shi ya kai wa wasu suka shafa masa fenti suka saki, don shi ne kaɗai ke tafiya a wayar talaka, kamar yadda na faɗa masa tun ranar farko. Ko kuskuren da na bari a bos na uku, wanda in ka sa masa guba yake ƙara jini maimakon raguwa, ba su gano ba. Yaron ma cewa ya yi ai dabarar bos ɗin ke nan.

Na ɗauki wani dattijo muka je gidansa. Ya ba mu ruwa mai sanyi, ya saurare mu tsaf, sannan ya ce ai ya biya, ina takardar da ta ce akwai saura? Abokin nawa kuwa har yau in ya hango ni a masallacin Juma'a sai ya sauya sahu.

Ku yaran yanzu in abu ba ya walƙiya yana fashewa sai ku ce na tsofaffi ne. Kuna kallon bidiyon Dark Souls, wasan kai-tsaye, a YouTube kuna ganin ku ma za ku yi, ba ku san taron mutanen da ke bayan kowace wulƙawar takobi ɗaya ba. Alhali Baldur's Gate 3 na 2023 karɓa-karɓa ne, ya kwashe kyaututtuka. Clair Obscur da wani ƙaramin kamfani a Faransa ya fitar a 2025, wanda kake ta yabo kana cewa sabon salo ne don ana kare bugu da danna madanni a daidai lokaci, Super Mario RPG ya yi wannan tun 1996, ba a haife ka ba. In kana son hannun mai wasa ya yi aiki, ga hanya nan mai arha: bar layin yadda yake, ka ba shi danna ɗaya a lokacin bugu, ka buɗe tazarar yadda ƙaramar waya za ta iya.

Ɗan wasan naka na leƙa shi da ka fita sallah. Dodanninka bakwai duk abu ɗaya ne, jini kawai ka ƙara musu, kuma kana da sihiri goma sha biyu wanda babu dalilin taɓa ko ɗaya tunda bugu na kashe kowa. Gobe kada ka kunna kwamfuta. Ka bi ta wurin mai shayi ka tattaro marafen kwalba ashirin, ka zo da tabarmar da ke bayan ƙofa. Ni zan riƙe aljanu.