Katin girafik: giga 4 da giga 4 ba ɗaya ba ne

Tambaya: Malam, ina haɗa bidiyon biki da manhajar Premiere, kwamfutata kuma ta fara jan ƙafa. Mai shago ya ce min Nvidia da AMD duk ɗaya ne, giga kawai zan duba. Ya nuna min katin girafik GT 730 mai giga 4, wai daidai yake da GTX 1650 da shi ma giga 4 gare shi, ga araha. Tsorona kar in zubar da kuɗin da na sha wuya na tara.

Amsa: Ɗan'uwa, mayar da kuɗinka aljihu tukuna.

Kamfanoni uku ne ke ƙera ƙwaƙwalwar katin: Nvidia, da AMD wanda ya sayi kamfanin ATI a 2006, sai Intel da ya shigo da katunansa na Arc a 2022. Su Asus, MSI da Sapphire ƙwaƙwalwar suke saye su ɗora mata allo da fanka, don haka bambancinsu bai wuce sanyaya kati, ƙarar fanka da garanti ba. A aikinka Nvidia na fi so, saboda manhajojin bidiyo da yawa sun fi jituwa da CUDA, fasahar Nvidia da ke sa katin ya taya kwamfuta aiki, ga NVENC, sashen katin mai saurin fitar da bidiyo. AMD kan yi wa masu wasan gem daɗin farashi. Arc kuwa ba ya sakin jiki a tsohuwar kwamfuta marar Resizable BAR, wato saitin da ke barin kwamfuta ta isa ga duk ma'adanar katin a lokaci ɗaya.

To, maganar giga. Wallahi na gaji da ita! Kullum sai an kawo min kati ana washe baki, "Malam, mai giga 4 ne," kamar shi ke nan. Giga girman rumbu ne kawai, wato ma'adanar katin, ba ya gaya maka faɗin ƙofar, balle yawan masu ɗiba. GT 730 ya fito a 2014, ƙwayoyin aikinsa, wato masu ɗibar nan, 384 ne, wani samfurin ma 96, kuma masu giga 4 ɗin galibi ma'adana irin DDR3 mai jinkiri aka cusa musu. GTX 1650 na 2019 yana da ƙwayoyi 896, da ma'adana mai sauri irin GDDR5 ko GDDR6. Ina haɗi? Masu ƙerawa ma ba su tsira ba: GT 1030 suna ɗaya, amma akwai mai GDDR5, akwai mai DDR4 da ke rarrafe. RTX 3070 mai giga 8 ya fi RTX 3060 mai 12 gudu nesa ba kusa ba. Wanda ke sayar da kaya bai san wannan ba ya koma ya koya, wanda ya sani ya ɓoye kuwa ya ji tsoron Allah.

Akwai ma 'yan damfara da ke sauya wa GTS 450 na 2010 suna, kwamfuta ta riƙa nuna GTX 1050 Ti. Kafin ka biya, sa a jona katin a gabanka, a buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, ka duba irin ma'adanar da yawan ƙwayoyin. In mai shago ya fara kame-kame, kama gabanka.