Eko ya nuna TRV 2.8: hawan jinin huhu ne ya kama ni?

Tambaya: Likita, ina da sikila nau'in SS, shekarata 27. Kwanan nan ko matakala kaɗan na hau sai haki. An yi mini hoton zuciya na eko, aka rubuta TRV 2.8, aka ce wataƙila hawan jinin huhu ne. Ya tabbata ke nan?

Amsa: Allah ya ƙara sauƙi, 'yar'uwa. Bai tabbata ba tukuna, amma kada ki jefa takardar nan a jaka ki manta da ita.

Eko ba ya auna matsin jinin huhu kai tsaye. A ɓangaren dama na zuciya akwai wani ɗan marfi tsakanin ɗakin sama da na ƙasa, kuma duk bugawar da zuciya ta yi, ɗan jini kan kuɓuce ta nan ya koma baya. Gudun wannan jinin na'urar ke aunawa, mita nawa a daƙiƙa, shi ne TRV. In jijiyoyin huhu sun matse, zuciya na tunkuɗa da ƙarfi, gudun sai ya ƙaru. Ƙiyasi ne dai. Matsalar mai sikila ita ce ƙarancin jini kaɗai na sa zuciya ta riƙa harba jini da yawa, lambar ta hau alhali huhun lafiya lau.

Wani bincike da aka yi a Faransa, aka wallafa a 2011, ya duba manya masu sikila 398. Kashi 27 cikin 100 sun nuna TRV 2.5 ko fiye, amma da aka bi diddigi, kashi 6 ne kawai aka tabbatar suna da cutar. Sai dai binciken Amurka na 2004 ya nuna masu 2.5 zuwa sama sun fi sauran fuskantar haɗarin mutuwa nesa ba kusa ba. Shi ya sa ba na raina 2.8, balle ga mai haki.

Yaushe aka ɗauki hoton? In kina cikin ciwo ne ko ba ki daɗe da tashi ba, a sake shi bayan mako biyu zuwa huɗu, domin lokacin rikicin sikila matsin kan hau na ɗan lokaci. Sannan a haɗa da gwajin jini na NT-proBNP, mai nuna ko zuciya na shan wahala, da gwajin nisan da za ki iya tafiya a minti shida. In gwajin jinin ya kai 160, ko tafiyar ta gaza mita 333, ko TRV ya kai 3.0, sai a tafi ga gwajin da ke yanke hukunci: a zura siririn bututu ta jijiyar wuya ko ta cinya har cikin zuciya a auna matsin. Shi ne kuma ke bambance ko matsalar daga huhu take ko daga hagun zuciya, domin maganinsu ba ɗaya ba ne.

Eksiren ƙirji ba ya kama cutar da wuri. Hoton V/Q kuwa, mai kwatanta shigar iska da zagayawar jini a huhu, yana da amfani, shi ya fi gano tsohon gudan jini da ya toshe jijiyoyin huhu.

Kada ki fara shan sildenafil don kin ji ana ba masu hawan jinin huhu. An dakatar da gwajinsa kan masu sikila a 2009 saboda ya ƙara musu ciwon da ke kwantar da su asibiti. Abin da aka fi farawa da shi maganin sikila na haidiroksiyuriya ne, wasu kuma ƙarin jini a kai a kai. In kika ga kumburin ƙafa, ciwon ƙirji ko suma, ki tafi asibiti ranar, kada ki jira ranar ganin likita.