Za mu kai yara wasan dusar ƙanƙara, amma ɗayansu ba ya zama wuri ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni uwa ce daga Ƙofar Ƙaura a cikin birnin Katsina. Ƙanin maigidana yana karatu a Kayseri ta ƙasar Turkiyya, ya kuma gayyace mu lokacin sanyi domin yara su ga dusar ƙanƙara, su koyi wasan zamiya a kan ƙanƙara da dogayen katako a ƙafa a dutsen Erciyes. Yaranmu uku: babban shekararsa 7, mai bi masa mace 5, autan 2. Babban an tabbatar mana yana da lalurar ADHD, wato rashin natsuwa da kasa tattara hankali wuri ɗaya, kullum da safe yana shan maganin methylphenidate. Kakarsu ta ce kai mai irin ƙiriniyarsa kan dutse ganganci ne. Mu bar shi a gida ne, ko mu fasa tafiyar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba na ganin dalilin barin sa a gida saboda wannan lalura kaɗai, amma kafin mu zo kansa akwai abin da ba ki ambata ba, wanda a wurina ya fi ƙiriniyarsa muhimmanci, wato gwajin sikila. Tsananin sanyi, ƙarancin ruwa a jiki da ƙarancin iskar shaƙa a kan tsauni, duk suna tayar da ciwon sikila, kuma ukun nan a dutsen ƙanƙara suke haɗuwa. Idan akwai mai SS ko SC a cikin yaran, shawarata ita ce kada ya hau dutsen sam. Mai AS yawanci lafiya lau yake rayuwa, sai dai an sha ganin masu AS da saifarsu ta sami matsala a wuri mai tsayi sosai, don haka ciwon ciki ta ɓangaren hagu a can ba abin jira ba ne, a sauko a nemi asibiti.

Katsina tana kan tsayin kimanin mita 500 daga teku, birnin Kayseri ya ɗan haura mita 1,000, filin wasan na Erciyes kuwa yana farawa ne daga wajen mita 2,200 ya yi sama har ya wuce 3,000. Ciwon tsauni, mai zuwa da ciwon kai, tashin zuciya da rashin barci, ya fi kama mutane daga mita 2,500 zuwa sama. Tun da tsakanin gari da dutsen kimanin kilomita 25 ne kawai, ku riƙa kwana a cikin gari, ku huta kwana ɗaya ko biyu bayan isarku, sannan ku tsaya a filin masu koyo da ke ƙasa. Ƙaramin yaro ba zai ce miki kansa na ciwo ba; rigima, ƙin abinci da kasala su ne za su gaya miki.

Game da babban, kakarsu ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba, domin yara masu wannan lalura sun fi sauran yara yawan jin rauni, kasancewar jikinsu yana riga tunaninsu. Sai dai a fahimtata, ba lokacin da yake zamiya ne ya fi ba da tsoro ba. Wasa ne da ke cinye ƙarfi, wanda kuma kuskure a cikinsa yake bayyana nan take, irin abin da ke riƙe hankalin waɗannan yara ke nan. Inda zai gagare ku shi ne wuraren jira: zaman jirgi na awa shida zuwa bakwai daga Abuja zuwa Istanbul, sauya jirgi zuwa Kayseri, layin karɓar hayar takalma, da layin hawa dutse. Ki tsara tafiyar bisa waɗannan sa'o'i. A filin jirgi ku bar shi ya yi ta zirga-zirga da mahaifinsa har a kira shiga, ku karɓi kayan haya tun da yamma ana gobe wasan, ku kuma guji ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, lokacin da makarantun Turkiyya ke hutun tsakiyar shekara, layi ya yi tsawo ko'ina.

Kada a sa shi ajin taro, inda malami ɗaya ke fama da yara da yawa, kowa yana jiran a zo kansa a cikin sanyi. Ku ɗaukar masa malami shi kaɗai na awa ɗaya zuwa biyu da safe, ko da hakan zai sa a rage kwanakin wasan saboda tsada, kuma ku gaya wa malamin gaskiyar halinsa tun farko, ku roƙe shi ya riƙa ba shi umarni ɗaya a lokaci guda. Abin da zai fara koya shi ne tsayawa, ta hanyar haɗa kan katakon ƙafafunsa ta gaba ya ware bayansu, kuma sai ya iya tsayawa duk lokacin da aka ce ya tsaya za a bar shi ya ƙara gaba. A filin masu koyo akan sami bel mai tafiya a ƙasa wanda ke haurar da yara gangare a tsaye, shi ya dace da shi. Kujerun da ke rataye a jikin waya kuwa, inda ƙafafu ke reto a sama da ƙasa mai nisa, kada ya hau su sai da babba a gefensa, ƙarfen kariya a sauke, domin yaron da ya ga safar hannunsa ta faɗi zai iya sunkuyawa ya bi ta kafin ya yi tunani. Hular kwano wajibi ce gare shi da ƙanwarsa. Ki saya masa riga mai launin da ake hangowa daga nesa, ki sa katin otal da lambar waya a aljihunsa, kuma a ware babba ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai shi. Idan aka ce kowa ya sa ido, a ƙarshe babu wanda ya sa.

Maganinsa na buƙatar shiri tun daga gida. Methylphenidate yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi, a Turkiyya ma ba a sayar da shi sai da takardar likita ta musamman, saboda haka idan ya ƙare ko ya ɓata ba za ki shiga kemis ki saya ba. Ki riƙe shi a jakar hannu cikin kwalinsa na asali, tare da wasiƙar likitansa da Turanci mai ɗauke da sunan yaron, sunan maganin da adadin da yake sha, ki kuma tuntuɓi ofishin jakadancin Turkiyya lokacin neman biza. Wasu iyaye kan dakatar da maganin lokacin hutu. Wannan ba hutun da za a yi haka ba ne, sai in likitansa ya ga wani dalili. Agogon Turkiyya yana gaban namu da awa biyu, don haka ki ba shi da safiyar can. Nau'in da ke aiki awa uku zuwa huɗu zai sake shi wajen azahar, daidai lokacin da gajiya ta kama shi, shi ya sa nake son a gama wasan kafin azahar. Maganin yana rage cin abinci, alhali sanyi na ƙona ƙarfi, to ki cika masa ciki da karin kumallo, ki zuba dabino da gyaɗa a aljihu. A wasu yaran yakan sa yatsu su yi sanyi su canza launi, ki riƙa cire safar kina dubawa.

Sanyin can ya sauka ƙasa da sifili, rigar sanyin da ta ishe mu a hunturun Katsina ba za ta yi ba. A sa musu tufafi hawa uku, na jikin fata kada ya zama na auduga domin yana riƙe gumi ya huce a jiki, na waje kuma wanda ruwa da iska ba sa ratsawa. Sabuwar dusar ƙanƙara tana maido da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙona fata da ido, saboda haka tabarau na wasan da man kariya daga rana sun zama dole har ga baƙar fata. In yatsa ya daskare ya yi fari-fari ba ya ji, kada a murza shi, kada kuma a kai shi jikin hita yadda muke jin ɗumi a kaskon wuta, domin zai ƙone yaron bai sani ba; a tsoma shi a ruwa mai ɗumin jiki a nemi likita.

'Yar shekara 5 ta isa shiga ajin yara. Autan bai kai ba, kuma shi ne sanyi zai fi yi wa illa, musamman a goye, tun da ke kina motsi kina jin ɗumi shi kuwa ƙafafunsa na rataye ba motsi. Minti ashirin zuwa talatin a waje sun ishe shi, sai a koma ciki. Kafin ku biya kuɗin inshorar tafiya, ki tabbatar an rubuta cewa ta haɗa da wasannin ƙanƙara, domin da yawa daga cikinsu ba sa biyan kuɗin karayar da aka samu a kan dutse.