Amsa ga ƙanwata mai tambayar ko mece ce ita

Assalamu alaikum. Ƙanwata, tun daren jiya na karanta tambayarki, inda kika ce shekararki shida da aure a wani ƙauye na ƙasar Gaya, kina da 'ya'ya biyu, maigidanki bai rage ki da komai ba, amma tun kina budurwa zuciyarki wajen mata take karkata, kuma kina son sanin ko mece ce ke, da ko zaman da kike yi da shi yaudara ne. Na ga masu tsine miki, na ga masu cewa namijin dare ne ya aure ki. Ni abin da na gani a jikina zan faɗa miki, domin na girme ki nesa ba kusa ba, kuma hanyar da kike kai na riga ki bin ta.

An yi mini aure ina da shekara 16 a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura. Kafin nan ina da ƙawa wadda muke zuwa ɗebo ruwa tare, ita ke yi mini kitso, ni ke yi mata. Ranar da aka sa ta a lalle na yi kuka har muryata ta dishe, mata suna ta yabona wai ga aminiyar gaske, ni kuwa na san kukan nan ba irin na ƙawayen amarya ba ne, kishi ne tsagwaronsa. Har yau ba ta sani ba.

Mijina mutumin kirki ne, Allah ya saka masa da alheri. Amma duk ranar girkina, tun daga la'asar gabana yake fara faɗuwa, kuma idan aka gama girbin gero ya tafi cin rani Legas, sai in ji barci ya dawo mini, har in yi ƙiba. Na yi yaji sau uku, ya yi biko sau uku, kuma duk lokacin da Baba ya tambaye ni laifinsa ba ni da abin faɗa. Inna ta sayar da awakinta biyu saboda ni. Na sha rubutu a ƙwarya har ɗacin tawada ya zauna mini a harshe, an lulluɓe ni da zane a kan kaskon hayaki ina tari, an yi mini ruƙiyya, an ɗura mini tsumi da gumba. Babu aljanin da ya yi magana, domin babu shi. Daga baya, da na fara aiki a ƙaramin asibitin garinmu, na sami labarin cewa tun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan hali daga jerin cututtuka, na tuna awakin Inna na yi hawaye.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne, mata masu irin wannan zuciya ba hali ɗaya suke ciki ba, ko da yake mutane da kalmar madigo kaɗai suke yi musu kuɗin goro. Akwai wadda take jin mata a ranta, kuma tana son mijinta so na gaskiya, tana ɗokin dawowarsa daga kasuwa, tana kishinsa idan ya yi zancen ƙaro aure. Na san irinta, yanzu har ta aurar da 'yarta ta fari, kuma ta ce mini aure bai goge mata wancan jin ba, wancan jin kuma bai rage mata son mijinta ba. Akwai kuma irina, wadda duk kirkin namiji jikinta ba ya karɓarsa. Maganarki ta yaudara a nan take warwarewa. Idan ke ta farkon ce, ba ki yaudari kowa ba, kina zaune ne da mutumin da kike so. Idan ke ta biyun ce, ba ki yi niyyar cutarsa ba, amma ku biyun kuna cutuwa, kuma shi ma yana da haƙƙin zama da wadda take marmarinsa. Ba wanda zai iya gaya miki wacce ce ke daga cikin waya. Ki lura da kanki na 'yan watanni: idan ya yi sallama a ƙofar ɗaki da dare, farin ciki kike ji ko ƙirjinki ne ke yin nauyi?

Ta fuskar addini ni ba malama ba ce, kuma na san hukuncin da malamai suka yi wa aikatawa. Sai dai masu tsine miki sun manta da hadisin Abu Huraira, cewa Allah ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka raya musu matuƙar ba su aikata ba ko su furta. Sun kuma manta da matar Sabitu ɗan Ƙaisu, wadda ta je wajen Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ta ce ba ta zargin mijinta a hali ko a addini amma ba za ta iya zama da shi ba, aka ce ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki su rabu. Wannan ƙofa ta khul'i ni ta ita na fita bayan shekara tara, kuma alƙali bai nemi in tona abin da ke cikin raina ba.

Ina roƙonki ki kiyaye bakinki da wayarki. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, dokokin Shari'a da Kano da Jigawa suka kafa tun 2000 sun sa hukunci a kan madigo, ga kuma Hisba. A ƙauye ma kafin a kai ga hukuma, tsegumi kaɗai ya isa ya raba ki da 'ya'yanki. Kada ki faɗa wa maigida cikin fushi ko cikin kuka, kada ki faɗa wa kishiya ko facala komai daɗin da kuke yi. Wasu za su biyo ki ta saƙon sirri da sunan mata masu irin halinki, su nemi hotonki, daga baya su nemi kuɗi da barazanar tona asiri. Kada ki amsa musu. Idan kuma baƙin ciki ya kai ki ga tunanin cutar da kanki, ki je asibiti ki ce ba kya barci kuma damuwa ta yi miki yawa, wannan ya isa a duba ki.

Rabuwa ba ta zo mini da sauƙi ba. Na sayar da gadona da kwanukan jerena na biya sadaki, na sha gorin zawarci, kuma har yanzu Yaya yakan turo mini masu neman aure. Ɗana na wajen babansa, yakan zo mini hutun makaranta a kan keke, 'yata kuwa tana gabana, da ita muke kwana a ɗakin da Baba ya yanka mini a bayan rumbu.